Rasuwar Hawainiya, Kwamfutar Sista

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kwamfutarta, Hawainiya, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a kan teburin cin abinci, tana da shekara goma sha ɗaya a duniya.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a hammatar mijin Sista, direban babbar mota, cikin kwali marar murfi. Shi ya raɗa mata suna, don in an kunna ta, sai an dafa shayi an shanye kafin ta buɗe ido.

Da Sista ta ajiye aiki, ta rasa inda za ta kai labaran shekara talatin na ɗakin marasa lafiya, sai ta riƙa juye wa mijin. Ran nan ya ce, "Sista, kunnena ya cika ya batse. Bari in gina miki shafi a intanet, ki raba wa duniya sauran." Asabar uku ya yi yana fama, tabarau a kan hanci, yana bin bayani da ɗan yatsa ɗaya. Tsarin da ya haɗa mata ba shi da ado. Ta rubuta labarinta kamar wasiƙa, sannan ta buɗe wata baƙar taga a allon kwamfutar ta buga layi biyu. Na farko ya mayar da rubutun shafuka, na biyu ya aika su intanet. Ya rubuta mata layukan a guntun takarda, ya manna kusa da madannai da filastar ciwo. Ranar da shafin ya fara fitowa, hotonta ya cika allon gaba ɗaya, hancinta kawai ake gani. Sun yi dariya har da riƙe ciki.

An shaidi marigayiyar da haƙuri da riƙon amana. Ta sha ɗigon shayi da ɓurɓushin burodi, ba ta taɓa kai ƙara ba. In ta farka takan ce tirilin. In aiki ya yi mata yawa takan yi fuuu, kamar tsohuwar da ta hau bene. Ba a taɓa jin asirin gida a bakinta ba.

Shekara biyu ke nan da mijin ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa. Bayan an watse daga zaman makoki, Sista ta buɗe sabon rubutu, na arba'in da biyu, a kansa. Kullum da safe ta ƙara layi ɗaya ko biyu: yadda yake goge takalmi kafin ya hau mota, abin da ya ce mata a gadon asibiti. Ba ta aika shi ko'ina ba. Kullum bai ƙare ba.

Ciwon ajalin ya fara da allo, wanda ya riƙa komawa kore. Sai batir ya daina riƙe wuta. 'Yar Sista ta sha ce mata a waya, "Mama, ki kwafe abubuwanki ki ajiye a wani wuri." Sista takan ce to. Ranar Talata marigayiyar ta ce ƙas, ƙas, ƙas, sau uku, ta yi shiru.

Mai gyara ya kwance cikinta, ya kara kunne, ya gwada ma'ajiyar bayananta a wata na'ura.

"Mama, sai haƙuri," in ji shi. "Ma'ajiyar ce ta tafi. Ko harafi ɗaya ba zai fito ba."

Sista ta yi masa godiya. Ta koma gida da gawar, ta wanke kwanuka, ta kwashe shanya, ta ninke. Har yau tana jiran kukan, bai zo ba.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗaurin filasta a wuya, da linzaminta, wato maus, da bai san an yi mutuwa ba. Ta bar shafin da labarai arba'in da ɗaya, suna nan a intanet lafiya lau, sai dai ba mai iya ƙara musu ko wasali, don asalinsu yana cikinta. Ta bar masu karatu uku: 'yar Sista, wata tsohuwar abokiyar aiki, da wani baƙo da ya taɓa rubuto cewa a asibiti ya karanta wa mahaifinsa su duka. Na arba'in da biyu kuwa, ta tafi da shi. Jiya Sista ta zauna da biro da takarda, ta ga jimlar farko kaɗai ta tuna.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe zuwa shagon mai gyara, inda zai cire abin da zai amfani wasu, ya zuba sauran a kwandon tsoffin na'urori. Sista za ta kai ta da kanta. Masu niyyar kawo sabuwa, ana roƙon su dakata tukuna. Ba za a yi zaman gaisuwa ba, domin kujeru biyu ne a falon, ɗayar kuma ba a zama a kanta.