Kujerar Kaka Nadine a Las Vegas

Ni ce mai raba wa Kaka Nadine da jikanta kati, shekara uku ke nan, don a cikinsu babu wanda ya yarda da hannun ɗan'uwansa. La'asar ce sakaliya a barandar Kaka Nadine, can bayan garin Amarillo, fanka na juyawa da ƙyar, ƙanƙara na narkewa a kofin shayi. Tun tana budurwa Nadine take mafarkin zama a babbar gasar foka ta Las Vegas, kartar da mutum zai iya tura duk abin da ke gabansa a zubi ɗaya. Bana ta ci kujerar shiga babbar gasar a wata ƙaramar gasa ta garinmu, sai idanunta suka fara dushewa. An ba ta zuwa gobe ta rubuta sunan wanda zai zauna a madadinta. Jikanta Boyd yana son kujerar nan kamar ransa, ita kuwa ta ce gara ta sayar wa baƙo in dai bai gyara zubinsa ba.

"...lafiya ƙalau, tsohuwa," in ji Boyd yana hawowa. "Ashe kin kwana? Har na share inda zan ajiye talabijin ɗinki."

"Ja'iri! Ni zan raka ka makabarta, in dawo in ci kajin makoki. Zauna. Darlene, raba mana."

Na tura wa kowa tulin wakensa, don da wake suke yi maimakon kuɗi.

"Yau dokar gasa ce," in ji ta. "Wakenka ya ƙare, ka tashi. Ba irin ta bayan garejinku ba ce, da za a cinye ka ka sa hannu aljihu ka sake saye."

"Wa zai ja da ke? Ke da kika fara karta tun ba a ƙera mota ba."

"Na kuma cinye dokin wanda ya ƙera ta, ya koma gida a ƙafa."

"Shi ya sa ya ƙera motar, don ya guje miki."

"Kai ko gudun ba ka iya ba. In katinka ya yi kyau, sai ka zuba wake uku kana sunkuyar da kai, wai in biyo ka. In ba ka da komai, sai ka turo rabin gona kana muzurai. Ko karen Darlene ya gane ka."

"Dabara ce, Kaka."

"Dabarar da ta sa har yau motata kake ara."

Muka yi ta yi, rana na gangarawa bayan gonar auduga. Nadine ta jingina, ta lumshe ido, muryarta ta yi laushi.

"An ce teburi ɗari biyar ne a ɗaki guda. Koren ƙyalle iya ganinka. Babu taga, babu agogo, ga sanyi sai ka sa rigar ulu a tsakiyar bazara. Ni kuwa da jar rigata, ana cewa wace ce waccan?"

"Ana cewa wa ya manta kakarsa a nan?"

"Rufe mini baki, ina cikin ɗakin."

Ni da nake rabo ni na fara lura. Boyd ya zuba rabin abin da ke tsakiya, ta biya, sai ga sarakuna uku a hannunsa. Can ya sake zuba rabi, ta biya, ashe burga ce, ba shi da komai. Na san yaron nan da rawar kai, amma ranar ko gira bai ɗaga ba.

Da tulin tsakiya ya yi girma, na buɗe kati na ƙarshe, ya turo wakensa a hankali. Nadine ta karkata kai.

"Nawa ya zuba, Darlene?"

"Rabin na tsakiya."

"Ɗazu fa?"

"Rabi."

"Kafin nan?"

"Rabi dai."

Sai Nadine ta kifa katinta, ta ture shi gefe.

"To, me kake da shi?"

"Wanda ya kifa kati ba ya gani. Ke kika koya mini."

"Ni da na wanke maka kashi?"

"A biya a gani, tsohuwa."

"Ɗan leƙe kawai. Ai ka san ba ganin kirki nake ba."

Ya cusa katinsa cikin sauran, ya cuɗe su da hannu biyu. Sai ta fashe da dariya, har tana dafa ƙirji.

"Wata huɗu ke nan ban ga katina ba, Boyd. Ja da baƙi duk ɗaya suke a wurina. Da ƙarar wakenka a kan teburi nake cinye ka. Yau na saurara, ban ji komai ba: ko da kati ko babu, ƙarar ɗaya ce."

Tausayinta ya kama ni, na yi ta jera katin da ba ya bukatar jeri.

Ta laluba aljihun rigarta, ta fito da takardar gasar a ninke.

"Darlene, rubuta sunan sakaran nan, da manyan baƙaƙe. Kai kuma, ranar da ka zauna, ka kira ni. Kada ka yi magana, muryarka ba daɗi. Ka ɗaga wayar sama kawai, in ji ƙarar ɗakin."