Jawabin da Waya Ta Rubuta Mini

Ba zan taɓa mantawa da taron iyayen yara na makarantar su Ummi ba, ko da na so in manta, don har yau akwai masu tuna mini idan mun haɗu a kasuwar Karshi.

Bari in fara gaya muku irin matar da aka miƙa wa lasifika ran nan. Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na haifi 'ya'ya uku sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na yamma a nan Orozo inda muke zaune. Malamarmu tana da doka guda: ki ɗora yatsa a ƙarƙashin layi, ki karanta duk abin da ke wurin, ba tsallake. Na riƙe dokar nan da hannu biyu. Matsalata ɗaya ce. Idan ina karatu da ƙarfi, bakina ne ke gaba, hankalina yana can baya yana jan ƙafa. Sai na gama jimla, na shiga wata, sannan ma'anar ta farko take iso ni.

Ummi kuwa 'yata ce ta fari, tana babbar sakandare. Sunan kakarta ta wajen uba aka sa mata, wato surukata. To ga kunyar 'yar fari, ga sunan suruka. Tun da aka raɗa mata sunan nan bakina bai taɓa furta shi ba. Ko Ummin da kowa ke kira, ni a gabanta sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ba na yabonta. Idan ta zo ta ɗaya a aji in ce "to, madalla," in ci gaba da tankaɗe. Haka na ga mahaifiyata ta yi da yayana, ban kuma taɓa tambayar dalili ba.

Da makarantarsu ta fara koya musu abin nan da suke kira AI (a rediyo na ji ana ce masa ƙirƙirarriyar basira, sunan ma kansa sai an zauna), Ummi ta ishe mu da labarinsa. Wai kana rubuta masa tambaya a waya, ya ba ka amsa nan take.

Na ce, "Mutum ne a ciki?"

"A'a, Mama."

"To aljani ne?"

"Haba Mama! Na'ura ce. Ta karanta rubuce-rubuce masu yawa ne, shi ya sa take iya amsawa."

Na ce, "Ashe ita ma ta yi yaƙi da jahilci." Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa ban ga abin dariya ba, kuma ban gane ba.

Ana nan sai Firinsifal ta kira ni a waya. Za a yi taron iyaye ranar Asabar, a nuna mana yadda ake koya wa yara abin nan. Wani uba da ke aiki a ofis a Garki zai yi jawabi da Turanci, ana kuma son uwa ɗaya ta yi da Hausa a kan yadda za mu sa wa yara ido a gida. Wai ta lura ba na fashin taro. Na ce "to". (Ni dai ban taɓa koyon yadda ake ce wa babba a'a a waya ba.)

Na gaya wa Ummi. Sai ta ce, a hankali, "Mama, ki ce kina da biki mana. Iyayen 'yan ajinmu yawancinsu ma'aikata ne, kuma..." Ta haɗiye sauran. Ban yi mata faɗa ba, don na san abin da ta haɗiye. Na shiga madafa na tsaya ina kallon tukunya. A wurin na ƙudura cewa ko me za a yi, ba zan kunyata yarinyar nan a gaban ƙawayenta ba.

Maƙwabciyata Maman Joy, 'yar Filato mai shagon kayan masarufi a bakin layinmu, ita na kai wa kukana. Ta tafa hannu.

"Maman Ummi, me ya sa kana wahala? Wannan abu da za ki yi magana a kansa, shi ne zai rubuta maka! Kawo wayanka."

Ta danna nan ta danna can, ta nuna mini inda zan rubuta, ta koma wajen mai sayen sabulu.

Ranar Juma'a da hantsi, yara na makaranta, na zauna a tabarma da wayata. Ban san yadda ake fara magana da na'ura ba, sai na fara yadda ake yi da kowa. Na yi sallama, na ce ina kwana, ya aiki, ya iyali. Ta amsa da ladabi, ta ce ba ta da iyali amma ta gode. Wallahi sai da na ji tausayinta. Na gaya mata buƙatata. Sai ta ce, don jawabin ya yi daɗi, in ba ta labarin yarinyar: sunanta, da abin da nake ji game da karatunta.

Na daɗe ina kallon tambayar nan. Sannan na yi wa kaina fatawa: ai rubutawa ba faɗa ba ce. Na rubuta sunan da yatsa ɗaya. Kuma da yake abin ba shi da fuska, ba shi da ido da zai kalle ni, sai na samu kaina ina ta zubawa. Abin da ban taɓa gaya wa ko mahaifinta ba, na gaya wa waya. Har shinkafar da na ɗora a wuta ta kama.

Jawabin ya fara zubowa ke nan, layi bayan layi, sai wayar ta yi baƙi. Caji ya ƙare, wuta kuma an kwana biyu ba a kawo ba. Sai da safiyar Asabar na kai ta wurin mai caji, na karɓa muna kan hanyar makaranta. A cikin keke Ummi na gefena, ni kuma ina so in ba ta mamaki, don haka leƙe ɗaya na yi a ƙarƙashin mayafi. Na ga rubutu mai tsawo, da manyan kalmomi. Hankalina ya kwanta.

Zauren ya cika. Malam Danladi, mai koya musu kwamfuta, ya haska abin a bango ya yi ta nuna mana. Ya tambaye shi lissafi ya amsa, ya tambaye shi yadda ake shuka doya ya amsa. Rabin bayanin ya wuce ta saman kaina, amma na kama ƙarshensa.

"Iyaye, abu biyu muke gaya wa yaranku. Kada su ɗauko abin da ta rubuta su ce nasu ne. Kuma duk abin da ta ba su, su karanta su tantance tukuna, don wani lokaci takan ƙirƙiri abin da babu. Kun ji?"

Duk zauren ba wanda ya kai ni gyaɗa kai. (Har yanzu ina mamakin inda hankalina ya tafi a lokacin. Ina jin ya riga ni fita.)

Ogan Garki ya yi nasa da Turanci, aka tafa. Aka kira ni. Na fito, na riƙe waya a hagu, wata ɗaliba ta riƙe mini lasifika a baki. Na ɗora yatsa a ƙarƙashin layin farko kamar yadda aka koya mini, na fara.

"Maman Ummi, ga jawabin da kika nema, ina fatan zai yi miki amfani."

Na ji zauren ya ɗan motsa. Na ci gaba.

"Mai girma shugabar makaranta, saka sunan shugabar makaranta a nan, malamai masu daraja, iyaye 'yan'uwana..."

Firinsifal ta ɗago kai, ta waiga bayanta kamar mai neman wanda aka aika. Dariya ta fara tashi daga ɓangaren ɗalibai. Na zaci ɗankwalina ne ya karkace, na kai hannu na gyara, na mayar da yatsa kan layi.

Tsakiyar jawabin ba laifi, har na ji wasu na cewa "haka ne". Sai na iso inda aka ce, "Wajibi ne mu koya wa 'ya'yanmu su yi tunani da kansu, kada su bar na'ura ta yi musu." Malam Danladi ya sa hankici a baki yana tari. A nan ne ma'anar layin farko ta iso ni, a makare kamar kullum. Amma ba wanda ya taɓa koya mini yadda ake tsayawa a tsakiyar karatu. Yatsa ya ci gaba, baki ya bi shi.

"Ni kaina, 'yata ta fari, Zulaihatu, ita ce abin alfaharina a duniya."

Lasifikar nan ta ɗauki sunan ta buga shi a bango huɗu. Daga ɓangaren mata na ji "Laa!" Wata tsohuwa a layin gaba ta dafe ƙirji ta ce, "Yau mun ga zamani. 'Yar fari, a lasifika!" Maman Joy, da ta rufe shago ta zo don ta mara mini baya, ta miƙe tana tafi ita kaɗai, don ita ba ta ga abin da ya ɓaci ba. Ni kuwa bakina ya riga ya shiga jimla ta gaba.

"Tana firamare take riƙe mini yatsa tana taya ni haɗa baƙi. Duk ranar da ta zo ta ɗaya, nakan shiga ɗaki in rufe ƙofa in yi kukan murna, don kada ta gani."

Sai a lokacin komai ya iso ni gaba ɗaya. Zufa ta karyo mini tun daga tsakar ka. Sunan 'yar fari, sunan suruka, da asirin ɗakina, duk na shanya su a gaban iyaye da malamai da ogan Garki. Na ɗaga ido ina neman Ummi. Tana can baya cikin ɗalibai, ta kifa kai a gwiwa, ƙawayenta na taɓa ta. Na ce shi ke nan, abin da ta ji tsoro ya faru, har da ƙari.

Saura layi ɗaya a ƙasa. Kun dai san dokar malamarmu. Na karanta shi da muryar da ta rage mini:

"Kina so in gajarta shi, ko in ƙara masa bayani?"

Wani mutum daga can baya ya ɗaga murya: "A bar shi haka, Hajiya, ya isa!"

Zauren ya rushe. Har Firinsifal ta cire tabarau tana share ido. Malam Danladi, Allah ya saka masa, ya karɓi lasifika ya ce, "Iyaye, kun ga abin da nake faɗa? Mama ta nuna mana a aikace. A tafa mata!" Aka yi ta tafi. Na koma kujerata ban sani ba, yabo ne ko ba'a. Matar da ke kusa da ni ta ce, "Madam, kin iya wasan kwaikwayo fa. Da gangan kika yi, ko?" Na ce mata "uhm", don ban san amsar da ta fi sauƙi ba.

Muka hau keke muka kama hanyar gida. Ina ta shirya yadda zan ba yarinya haƙuri ba tare da na ba ta haƙuri ba. Mun tsaya shanun wasu Fulani na tsallaka titi, sai ta yi magana, idonta a kan hannunta.

"Mama, Malam ya ce takan ƙirƙiri abin da babu."

"Haka ya ce."

"Maganar kukan nan a ɗaki. Ita ta ƙirƙira?"

Ga ƙofa a buɗe an ba ni. In ce e, in ɗora wa na'ura, in koma yadda nake. Na kalli shanun har na ƙarshensu ya wuce. Sannan na ce, "Ni dai ban ga ƙarya a wurin ba."

Sai na ji nauyin kanta a kafaɗata, a tsakiyar titi, mai keke na kallonmu ta madubi. Na ce, "Ke, ɗaga, zafi ake yi." Ba ta ɗaga ba. Ni ma ban sake faɗa ba.

Labari ya riga mu gida. Mun tarar da mahaifinta a ƙofa yana ƙoƙarin ɗaure fuska. Ya ce, "An ce yau kin kira sunan surukarki Hajiya a lasifika. Ta amsa?" Na wuce shi na shige madafa, na daɗe ban fito ba.

Har yau ban gane mene ne abin nan ba. Ban san ko "shi" zan ce ko "ita" ba, kuma idan na buɗe ina yi mata sallama, don ban iya fara magana tsirara ba. Amma na koyi abin da ake koya wa yaranmu, sai dai ni a gaban jama'a aka koya mini: duk abin da ta ba ka, karanta shi a ɗaki tukuna. Na kuma ƙara da nawa, wanda Malam Danladi bai faɗa ba. Abin nan ba shi da kunya ko kaɗan. Abin da ka ba shi a ɓoye, haka zai gyara shi ya mayar maka, ka faɗa da bakinka.

Ita kuwa yarinyar nan ta samu abin wasa. Sai ina tsakiyar aiki ta zo ta tsaya a kaina, ta ce, "Mama, na manta, ya sunana ma?"

In ce, "Ke, tashi ki ɗora ruwa."