Yadda Za Ka Tsofar da Takobin Atisayenka Cikin Mako Uku

Ɗan'uwa, na san ciwonka. Ka ɗinka sulke, ka sayi kwalkwali, duk Asabar kana fili kuna kwaikwayon yaƙin kakanni, amma dasasshen takobinka yana ƙyalli kamar sabon cokali. Ni Dobromir, a gida Dobek, direban bas a nan kudancin Poland, shekara bakwai ƙungiyarmu tana ajiye ni a sahun baya saboda irin wannan takobi. Bi matakan nan yadda na bi su. Na yi maka alkawari, kafin mako uku babu mai yarda cewa a masana'anta aka ƙera shi.

Mataki na 1: Kashe ƙyallin

Ruwan tsami kake buƙata. Kada ka saya. Surukarka tana da gangar kokwamba mai tsami a ɗakin ƙasa, tsoma takobin ciki kwana uku. Ran Lahadi idan ta tauna ɗaya ta ce, "Dobek, kokwambar bana ɗanɗanon ƙusa take yi," ka ce, "Ƙasar lambun ce, Mama." Sai ka ƙara biyu a farantinka don ta gani. Jarumin da bai jure murɗar ciki ba, ina zai jure mashi?

Mataki na 2: Ɓatar da asalinsa

Kusa da mariƙi akwai tambarin kamfani. Sa magagari ka goge shi tas. Rasit ɗin kuma jefa shi a murhu. Mai ajiye rasit bai shirya shiga tarihi ba.

Mataki na 3: Naɗe mariƙin da tsohuwar fata

Sabuwar fata tonon asiri ce. Duba ƙasan kabad, za ka ga dogayen takalman hunturu na matarka. Ƙafa ɗaya ta ishe ka. Tawa matar, Halina, kwana biyu kacal ta yi ta gano.

"Dobek, ina ɗaya ƙafar takalmina?"

"A watan Yuni wa ke neman takalmin hunturu?"

Ta dube ni, ta dubi almakashin da ke kan tebur, ba ta ce komai ba. Idan mace ta yi shiru, ta yafe ke nan. Wannan sananne ne.

Mataki na 4: Binne shi

Tsakanin kabeji da albasa, kwana goma, ban ruwa safe da yamma. Zai fito da tsatsa mai kyau, ja kamar bulo. Kada ka wanke ƙasar duka.

Mataki na 5: Ƙaga masa labari

Kai shi wurin shugaban ƙungiya. Namu Pan Wiesław ne, wato Malam Wiesław, tsohon mahauci, shi ke zaɓen wanda zai tsaya kusa da sarki a babban yaƙin watan Yuli. Ya juya takobin, ya shinshina, ya ce, "Kai, direba, ina ka samo wannan?"

Kada ka ce a lambun gidanka. Sunkuyar da kai ka ce, "A gonar kakana garma ta tono shi."

Mutanen da shekara bakwai suke ce mini "gawar farko" suka yi layi suna neman izinin taɓawa. Pan Wiesław ya dafa kafaɗata ya ce, "Bana kana hannun daman sarki." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Aka ɗauki hoto aka watsa a intanet, har da labarin garmar.

Mataki na 6: Tarbi baƙi da fara'a

Ran Alhamis, saura kwana biyu yaƙi, za a ƙwanƙwasa ƙofa. Ni wata Pani Bogumiła ce, wato Malama Bogumiła, ta zo daga ofishin kayan tarihi, da farin safar hannu, da ɗan sanda a bayanta.

"Pan Dobromir, abin tarihin da aka tono daga ƙasa ba na mai gona ba ne. Me ya hana ka sanar da mu?"

A nan sai ka faɗi gaskiya, tunda ba sauran wata hanya.

"Pani, ni na binne shi da hannuna. Na atisaye ne, ko man shanu ba ya yankawa."

"Duk haka suke cewa. Ina tambarin kamfanin?"

"Ya goge."

"Rasit fa?"

Na juya wajen Halina, tana jingine da ƙofar kicin tana shan shayi. "Halina, don Allah faɗa musu."

Ta kurɓa, ta ajiye kofin a hankali. "Shekara ɗari shida ya ce mini, Pani. Mijina kuwa ba ya ƙarya."

Suka naɗe shi a farin ƙyalle kamar jariri, suka tafi da shi.

Mataki na 7: Je yaƙin duk da haka

Pan Wiesław zai ce sarki ba ya tsayawa kusa da mai hannu wofi. Amma akwai gurbi cikin gawarwakin da ake shimfiɗawa a fili kafin 'yan kallo su iso. Karɓa. Awa uku cikin zafin ranar Yuli, tururuwa na yawo cikin sulke. Kada ka motsa. Gawa ba ta susa.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka bayan karanta wannan, tsakaninka da surukarka, ko matarka, ko hukuma, babu hannuna babu ƙafata. Ban san ka ba, ban aike ka ba, kuma lauyana ya ce in daina ba mutane shawara. Sai dai idan kana cikin waɗanda suka taɓa ɗaukar hotona a sahun baya, takobin yana sabo kuma tambarin ya fito sosai, don girman Allah ka neme ni a tashar bas kafin sha huɗu ga Satumba. Ranar ce zan tsaya gaban alƙali.