Gamsheƙar da Ta Ƙoshi a Shekarar Fari

A shekarun fari, lokacin da ko ɓera ya ƙaurace wa rumbunanmu, na yanke shawarar zama babban gardi a Damagaram. Kawu Ari, wanda ya koya mini wasa da maciji, gamsheƙa kaɗai yake ajiyewa.

"Iri ɗaya ya ishe ka, ɗana," in ji shi. "Ka san cinta, ka san fushinta."

Ni kuwa gani nake mayunwata ba za su ba da ko tsabar gero don abin da suka saba gani ba, ga iyali sun zuba mini ido. Na yi ta yawo a dajin Guna har na kamo macizai uku: 'yar kasa da kububuwa da damatsiri. Na zuba su kwando ɗaya da gamsheƙata, wadda rabonta da kwaɗo tun da tabki ya ƙafe. Na ɗaure murfi, wai su saba da juna kafin ranar kasuwa.

A kasuwar Mirriya na tara jama'a, na yi wa kowane maciji kirari da sunansa, sannan na buɗe kwando.

Gamsheƙa ce kaɗai a ciki, ta yi nauyi, ko fasa kai ta ƙi yi.

Kawu Ari ya leƙa, bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Bana ma an samu wanda ya ƙoshi a gidanka."

Har yau ko gaisuwar mutuwa na je, sai wani dattijo ya matso, ya rage murya: "Gardi, ina sauran?"