Ranar da Kwatar Layinmu ta Haɗiye Ni

Jama'a, ku taya ni murna, ranar Talatar da ta wuce na faɗa kwata. Ba ƙafa ɗaya ba, ni ɗungurungum, har da hulata. Kuma ba kowace kwata ba, sabuwa fil wadda Mai Girma Garkuwan Tsafta, babban ɗan siyasar yankinmu, ya buɗe mana da hannunsa mai albarka a layinmu na bayan titin jirgi, a nan Agege.

Bari in faro muku daga tushe. Maiɗakina Nazifa ce taifot ya sake kayarwa, ga shi ko ƙwarin jikin kwanciyar baya ba ta gama mayarwa ba. Na kai ta ƙaramin asibitin da ke bakin kasuwa, wurin Likita Susanna, 'yar kudancin Kaduna, wadda ba ta iya ɓoye magana ba. Ta rubuta magani, sannan ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam Badaru, ina kuke samun ruwan sha?"

"Rijiyar gidanmu, Likita."

"Kwata fa, tana ina?"

"Ai maƙwabtan juna ne, ranki ya daɗe. Da damina har ziyara suke kai wa juna."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Matarka zan iya warkar da ita. Amma layinku ne ba shi da lafiya, shi kuwa ba ni da allurar da zan yi masa. In ba a gyara ba, za ka dawo min da ita, ko da ɗaya cikin yaranka." Ta auna jinina, ta ce ya hau, in riƙa taka ƙasa da safe ina shan iska.

Na ce ta kwantar da hankalinta, an gama da wannan. Ai makon jiya Mai Girma ya zo da jiniya da makaɗa, wayar salula a kowane hannu. Ranar muka wayi gari an rufe kwata da murafun siminti sumul. Ya yanka ƙyalle, ya ce tunda soja suka koma bariki, sauro ma ya san mulki ya canza. Ya hore mu da wanke hannu da ruwan famfo. Muka tafa sosai, famfon ma da yana da rai da ya tafa.

To, ranar Talata na fito bin umarnin Likita. Na saka farar riga, na ce yau a kan aikin gwamnati zan yi tattaki. Taku na farko lafiya. Na gaba sai ji na yi ƙwaras! Ashe siririn katako ne aka shafe da ruwan siminti. A ƙarƙashi tsohuwar kwatarmu ce, tana nan yadda muka san ta, sai dai ta ƙara nuna.

Mai gidan hayarmu, wani dattijon Bayarabe, yana ta jera min sannu da yarensu, "E pele o, Alaji!" daga nesa, hanci a toshe. Maƙwabcina Sunusi mahauci ne ya jawo ni, dariya har da hawaye.

"Malam, kai ne farkon wanda ya kurɓi romon dimokuraɗiyya a layin nan. Yaya gishirin?"

"Ya ji, Sunusi. Sai dai ba nama."

Aka kai ni asibiti, Likita ta ɗinke min ƙwauri, ta danna min allura, ta ce, "Na san za ka dawo, amma ban zaci da ƙafa ɗaya ba."

Abin ya yi wa Nazifa zafi. Ranar Asabar ta sa aka fito mata da tabarma ƙofar gida, daga zaune ta riƙa aika wa gida gida. Kafin hantsi maza sun fito da shebur, Bahaushe da Bayarabe da mutanen Jos, mata na tafasa ruwan sha a manyan tukwane. Muka ɓamɓare katakan, aka yashe kwata. Abin da bai fito ba kaɗan ne: tayar motar haya ta danfo, kan shanu, da damin fastocin zaɓe. Da la'asar ruwa ya kama hanyarsa, yara na binsa da gudu suna ihu, don ba su taɓa ganin kwatar nan tana tafiya ba.

Washegari sai ga yaran Mai Girma da ƙaton allo na ƙarfe, da hotonsa yana murmushi, an rubuta cewa shi ya yi aikin. Suka kafa, suka tafi. Sunusi ya ƙwanƙwasa allon, ya ce, "Oga, wannan fa ƙarfen gaske ne." Muka dubi juna. Kafin azahar mun tuge shi mun shimfiɗa a kan kwata, mun sami gada.

Yanzu mai ciki da mai tallan biredi da mai okada duk ta kansa suke bi, ko lanƙwasa bai yi ba. Don Allah masu cewa Mai Girma ba ya ɗaukar nauyin talakawa, ku zo layinmu ku gani da idonku.