Yadda Na Kashe Tsiron Malama da Kulawa

Ba zan taɓa mantawa da makonni ukun da na yi ina renon tsiro mai cin ƙuda ba. Ko ni na so in manta, mutanen ƙauyenmu ba za su bar ni ba.

Ni manomin tumatir ne a gefen Kura, kuma Allah ya yi ni da wasiwasi. In na kulle ƙofa sai na koma sau uku na ja kwaɗon. In na yi alwala na iso masallaci, sai in tsaya ina tambayar kaina ko na shafi kunne. To irin wannan mutumin ne Malama Rifkatu, malamar gona 'yar Filato mai zagaya gonakinmu, ta ga ya dace ta ba wa amana.

A lokacin ƙungiyarmu ta manoma ta gina rumfar renon iri, ana neman mai kula da ita, kuma Malama ce za ta zaɓa. Mu biyu ke nema, ni da taubashina Ɗanladi, mutumin da sai ka buɗa ciyawa kafin ka ga tumatir a gonarsa. Ina son aikin nan kamar raina, har na fara gwada yadda zan riƙa rataya mabuɗin a wuya.

Ana tsakiyar damina Malama za ta tafi gida hutu, sai ta zo min da wata 'yar tukunya. A ciki ga wani tsiro bai kai tafin hannu ba, ganyensa kamar bakuna a buɗe, da haƙora sirara. Muna tsaye wani ƙuda ya shiga ɗaya, bakin ya rufe ruf. Na ja da baya ina a'uziyya.

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ba aljani ba ne. Daga ƙasar waje irinsa yake. Ka ajiye min shi a waje inda hantsi ke dukansa. Ruwan sama kawai za ka ba shi. Ban da taki. Sauran ka bar shi ya nemi abincinsa."

Na ce, "Malama, an gama."

Tana juya baya hankalina ya tashi. A waje? Waje mai akuya, mai kaji, mai rana irin ta Kano? Tsiron da ya taso a ƙasar Turawa? Na ce lallai Malama ta yi karatu, amma ni na yi shekara talatin ina noma. Na ɗauke shi na kai kuryar ɗaki, na ɗora a kan akwati, na saki labule don kada iska ta kaɗa shi.

Maiɗakina Hajara ta leƙo ta ce, "Malam, baƙon namu zai ci tuwo ne, ko sai shinkafa?"

Ban kula ta ba. Mata ba su san amana irin ta ilimi ba.

Bayan kwana huɗu ganyen ya fara dusashewa. Kowane manomi ya san ma'anar wannan: yunwa. Malama ta ce ban da taki, gaskiya ne, amma na zauna na yi nazari, na gano buhu take nufi, ba ɗan tsunkule ba. Na barbaɗa masa takin zamani kaɗan (kaɗan irin namu na manoman tumatir), na bi da ruwan rijiya, domin ruwan saman da Hajara ta tara na ga ɗan datti a ciki.

Sai kuma zancen ƙuda. A ɗakin babu ko ɗaya, tunda na toshe ko'ina. Na yi niyyar kamo masa, sai zuciyata ta ce, yanzu kai da hannunka za ka miƙa rai ga halaka? Alhakin a kan wa? Na kwana biyu ina wannan shari'a da kaina, daga ƙarshe na yanke hukunci na sayo tsire. Naman da aka yanka da bisimilla ai babu shakka a cikinsa. Na gutsura masa har da ƙuli da yaji. Kullum kuma safe da yamma sai na sa tsinken tsintsiya na taɓa kowane baki in ga ko yana raye. Da farko yana rufewa da sauri. Daga baya sai a hankali, kamar tsoho na hamma. Daga baya ya daina.

Ranar da na ga baƙin tabo a ganye, nan take na gane tsutsar tumatir ta biyo ni gida. Na goya tankin feshi, na yi masa wanka da magani. Sannan na sauke gidan sauronmu na lulluɓe shi, mu kuma sauro ya yi biki a kanmu.

Malama ta dawo ranar taron ƙungiya, a gindin mangwaro bakin hanyar ruwa, manoma sun fi arba'in. Ta miƙe ta ce, "Yau zan nuna muku tsiron da zai koya muku cewa ba kowace shuka ke son taki da feshi ba. Baba, kawo shi."

Na zo da shi a rufe da kwano, na ajiye a tsakiyar tabarma. Ta ɗaga kwanon. Abin da ke ciki ya yi baƙi ƙirin, ya kwanta kamar ƙonanniyar kuɓewa. Ta sunkuya ta sansana, ta yi tari.

"Baba, warin me nake ji?"

"Ɗan feshi ne, Malama."

"Feshin me?"

"Na ƙwari."

Ɗanladi ya gyara zama ya ce, "A'a, ku tsaya in fahimta. Tsiron mai cin ƙwari ne, shi ne ka fesa masa maganin ƙwari?"

"Wannan farin fa a kan ƙasar?" in ji Malama.

"Taki ne. Tsunkule ɗaya. Ko uku."

Ta sa tsinke ta zaƙulo wani abu daga bakin ganye ta ɗaga sama. Wani dattijo ya matso ya duba ya ce, "Wallahi tsire ne. Har da albasa."

Ɗanladi ya ce, "Ai ba ku ji komai ba. Hajara ta ce a gidan sauro yake kwana. Ɗan'uwa ya tsare wa mai cin ƙuda ƙuda!"

Mutane suka kwashe da dariya, wani har yana dukan tabarma. Ana cikin haka wani ƙaton ƙuda ya sauko, ya zauna daram a cikin bakin tsiron, ya shiga murza hannuwansa hankali kwance. Duk muka zuba masa ido. Ya gama abin da yake yi ya tashi lafiya lau.

Malama ta dube ni, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Baba, da ka manta da shi a bayan ɗaki, da yanzu yana nan da ransa."

A wurin ta miƙa wa Ɗanladi mabuɗin rumfar. Ta ce shi aƙalla in an ce kada ya yi abu, ba zai yi ba, tunda ko an ce ya yi ma ba ya yi.

Abin haushin, irin da ke rumfar yana fitowa kore shar a hannunsa. Yakan ba shi ruwa ya tafi ya kwanta a inuwa. Ni kuwa na koyi darasina: in aka ba ka amana aka ce ka bari, to barin shi ne aikin. Har yanzu dai in na bi ta wajen rumfar nakan leƙa ta ragar, in ga wani ganye ya ɗan yi fari, hannuna ya fara ƙaiƙayi. Sai Ɗanladi ya ɗago daga inda yake kwance ya ce, "Wuce, likita. Marasa lafiyar nan suna son rayuwarsu."