Ranar Da Katin Waya Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da taron iyayen yara na makarantar su Hajara ba. Ko na so mantawa, mutanen unguwarmu ba za su bari ba.

Ni a aji huɗu na firamare aka cire ni aka tura ni gonar auduga. Ina iya haɗa baƙi da wasali, amma kafin in kai ƙarshen layi na manta farkonsa. Hajara 'yata ce, shekararta goma sha ɗaya, kuma tun da uwarta ta rasu daga ni sai kakarta take da su. Wata rana ta dawo da littafin labari, wai malaminsu ya ce iyaye su riƙa karanta musu a gida. Ta miƙo mini. Na ce kaina na ciwo.

Da na kai masara kasuwar Funtua sai na biya wurin masu turi a bakin tasha, samarin nan da ke zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a katin waya, wato memori. Na nuna wa ɗayansu littafin.

"Akwai shi, Baba. Wani ya karanta shi kashi-kashi."

Daga nan na samu sana'a. Ina gona, waya a aljihu, ina saurara ina maimaitawa har in haddace kashi guda (kan nan da aka ce ba ya ɗaukar boko, ashe ta kunne yake ci). Bayan la'asar in buɗe littafi, in gyara murya, in zuba. Har shafi nake juyawa idan na ga an ɗan jima. Hajara ta jingina da gwiwata tana ta tambaya, me ya sa kaza, mece ce ma'anar kaza. Tun rasuwar uwarta ban ga ta sake da ni haka ba.

Ashe ta je ta cika makaranta da cewa babanta ya fi kowa iya karatu.

Ranar taro aka jera benci a gindin darbejiya, maza gefe, mata gefe. Hedimasta ya yi dogon bayani a kan yadda yaron da ake karanta wa yake buɗe kai, sannan ya ce, "Baban Hajara, bismillah, a zo a nuna mana." Da na ce maƙogwarona na ciwo da an wuce wurin. Amma na hango ta tana murmushi tana zungurar ƙawarta. Na tashi.

Kashi na farko ne, wanda na fi riƙewa. Murya ta zauna, har wani dattijo yana cewa ma sha Allah. Kaina ya kumbura. Na manta da jama'a, na manta da littafin ma, baki kawai ke gudu. Ban ankara ba sai na ji kaina ina cewa da ƙarfi, har da lanƙwasa murya irin ta mai karatun:

"To masu saurarenmu, a nan za mu dakata. Mai son ci gaba ya nemi mai turi mafi kusa da shi, kada kuma a manta a danna ƙararrawa."

Sai wani mai facin taya ya ɗaga murya daga baya: "Baban Hajara, a wane shafi ƙararrawar take?"

Aka fashe. Hedimasta ya so ya cece ni, yana ta cewa ai sauraro ma karatu ne (Allah ya saka masa, amma ya ƙara tsayar da ni ne a gaban mutane). Hajara ba ta yi dariya ba. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta.

Sai da muka isa gida ta yi magana.

"Baba, a waya yake?"

Na ce eh.

"To ka ba ni in riƙa ji da kaina, kai ka huta."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. Da ta yi mini rashin kunya da ya fi mini sauƙi.

Gaskiya dai abin ya yi mata amfani. Muryar wayar na karantawa, Hajara na bin littafin da yatsa, ta daina tuntuɓe a tsakiyar kalma, malaminsu ya ce yanzu ita ke karanta wa aji. Iyayen da suka yi mini dariya duk sun bi layin masu turi, babu wanda ya ce na gode, sai dai in na wuce a ce ga Masu Saurarenmu nan. Ni kuwa da yamma ina jiyo muryar mutumin nan daga ɗakin kakarta, mutumin da bai ma san sunanta ba, tana yi masa dariya.

Ku tura wa yaranku irin wannan karatun a waya, ni shaida ne yana aiki. Amma tun farko ku ce wa yaron, "Zo mu ji tare, ni ma ban iya ba." Maganar ba ta da tsawo. Ni dai na haddace littafi guda, ita ce ta gagare ni.